Sana'ar Ɗaurin Fiffike: Santimita Ɗaya Ke Raba Gwani Da Ɗan Koyo

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, mutumin Kanya Babba ba ya bukatar a gaya masa daga ina iska take. Daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ta taso daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ta bi ta kan gonakin Babura da aka riga aka girbe, ta fasa leɓe da dunduniya, ta wuce abinta. A nan ƙasar amfanin da ake yi da ita bai wuce sheƙar hatsi da shanya ba. Sauran duk kare kai ne: a ɗora wa rumfa dutse, a ƙara wa zana ɗauri, a rufe randa. Ba banza ba Bahaushe ya ce iska na wahalar da mai kayan kara.

Sai dai iskar ba ta tsayawa a iyakar kowa. Reshe ce na babbar iskar arewa maso gabas da ke share Afirka ta Yamma har ta faɗa Tekun Atlantika, kuma a watannin nan ƙurarta kan kai tsibiran Cape Verde, kusan kilomita 600 yamma da Senegal. A tsibirin Sal, lokacin da muke kukan hunturu su kakarsu ce ta kama. Baƙi na sauka daga Turai domin wasan zamiyar iska: mutum ya tsaya a kan allon da bai kai mita uku ba, ya riƙe fiffike mai tsayin mita huɗu zuwa biyar, iska ta kwashe shi a kan ruwa da gudun mota. Idon 'yan kallo na kan mai wasan. Amma kafin ya taka ruwa akwai wanda ya durƙusa a bakin gaɓa ya harhaɗa fiffiken, ya ja igiya, ya ja da baya ya duba, ya sassauta, ya sake ja. Shi ne mai ɗaurin fiffike. Ana samunsa a Dahab ta Masar, a Essaouira ta Maroko, a Langebaan ta Afirka ta Kudu, a Tarifa ta Sifaniya, a tsibirin Maui na Hawai, da duk inda iska da ruwa suka tara masu wannan wasa.

Yadda ƙyalle ya zama fiffike

Wasan kansa bai tsufa ba. A 1958 wani yaro ɗan Ingila, Peter Chilvers, ya kafa ƙyalle a kan allo a tsibirin Hayling, a 1964 kuma Newman Darby ya yi nasa a Amurka. Siffar da ta bazu a duniya ta fito ne daga Kalifoniya, daga hannun abokai biyu, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, waɗanda suka nemi rajistar ƙirƙirarsu a 1968 aka ba su a 1970. Drake injiniyan jiragen sama ne. Babbar dabarar ita ce gaɓar da ke haɗa sanda da allo, mai juyawa ta ko'ina, ta yadda ba a bukatar sitiyari: ka karkata fiffike gaba ko baya, ka yi tuƙi ke nan. A 1984 wasan ya shiga gasar Olamfik a Los Angeles, mata kuma suka samu nasu rukunin a Barcelona a 1992.

Fiffiken farko yadi ne mai kusurwa uku, ga laushi. Iska ce ke ba shi siffa: ta busa ya kumbura, ta ɗauke ya yi yaushi. In ta yi ƙarfi kuwa, tumbinsa sai ya gudu baya, ya fi ƙarfin hannu, ya fizgi mutum ya maka shi da ruwa. Dalili shi ne nauyin da iska ke dannawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta: gudu ya ninka biyu, nauyi ya ninka huɗu. Masu tsere suka ga babu mafita sai a ƙera wa fiffike siffar da ba ta jiran iska. Aka fara zura masa tsumagu a kwance, daga gaba har baya. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙaro abin da ya haifi gwanintar ɗauri: 'yar gwafa ta roba da 'yan wasan ke kira kamba, wadda ake sa wa a kan tsumagiya, bakinta ya rungumi sanda. Tsumagiya ta tokare gwafa, gwafa ta tokare sanda, sai fiffike ya yi doro ko da babu iska, irin doron fiffiken jirgin sama. Iska ta bi ta gefe biyu, matsinta ya ragu a bayan doro ya ƙaru a cikin tumbi, wannan bambanci ne ke jan allo gaba, har ya kai ga allon ya fi iskar kanta gudu. A 1986, a tsibirin Fuerteventura, Bafaranshe Pascal Maka ya yi gudun kusan kilomita 72 a awa, ya doke duk wani jirgin ruwa mai tafiya da iska da aka taɓa aunawa kafin nan.

Kayan aiki

Fiffiken tsere na yau leda ce mai kauri, garai-garai kamar gilashi, wani wurin da zare a saƙe a cikinta domin ƙarko. Ana auna shi da murabba'in mita, daga 5 na ranar guguwa zuwa 9 da 'yan kai na ranar da iska ke kasala. Na tsere kan ɗauki tsumagiya bakwai ko takwas da gwafa uku ko huɗu. Na 'yan sha'awa gwafa biyu ta ishe shi. A gabansa akwai kube mai faɗi wanda sanda ke shiga, da zif a daidai kowace gwafa domin hannu ya samu hanya.

Sanda gida biyu ce, ana cusa ɗaya cikin ɗaya. Da zaren kabon da zaren gilashi ake yinta, kuma yawan kabon shi ne sauƙin nauyi, shi ne saurin miƙewa bayan ta lanƙwasa, shi ne kuma tsada. Tsayinta na tafiya da tazarar santimita 30: akwai 400, 430, 460, 490. Taurinta ma da ma'auni: a ɗora ta a kan madogari biyu, a rataya mata kilo 30 a tsakiya, a auna lanƙwasarta a wuri uku. Daga nan ake fitar da lamba, mai tsayin 430 takan ba da 21, mai 460 ta ba da 25. Muhimmancin wannan shi ne mai yanka fiffike bai yanka gabansa a miƙe ba; a lanƙwashe ya yanka shi, daidai da lanƙwasar wata sanda takamaimai. Sanda biyu na iya zama tsayi ɗaya, tauri ɗaya, amma wannan ta fi laushi a sama, waccan a ƙasa. Duk wanda ya sayi fiffiken da kuɗinsa ya doshi Yuro 1,000 sannan ya je ya nemo masa sanda mai rahusa ta wani kamfani, zai gane da kansa cewa araha ba ta ado.

Sauran kayan su ne ƙafa, wato bututu mai huji-huji da ake ƙara wa sanda tsayi da shi daga gindi, ɗauke da 'yan tayoyin jan igiya da haƙorin da ke riƙe ta. Sai mariƙi, mai hannu biyu da ke zagaye fiffike dama da hagu, gabansa ya ciji sanda, bayansa ya ja wutsiyar fiffike. A aljihun mai ɗauri kuma ba a rasa ɗan makullin ɗaure tsumagu, da salatif, da maka, da tef ɗin awo, da guntun itace na naɗe igiya, da 'yan siraran robobi na cike giɓin gwafa.

Tsarin ɗauri

Wuri ake fara nema: ciyawa ko shimfiɗa, inda babu tsakuwa. Mai ɗauri ya ba iska baya, ya warware fiffike ta bi da shi, don kada ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga. Ya haɗa gidajen sanda biyu, ya shafa mahaɗar da yatsa, ya naɗe ta da salatif. Wannan ɗan aiki ne da ake rainawa, alhali in mahaɗar ta ɗan buɗe a cikin kube ba a gani ba, ana jan igiya sandar za ta karye a nan take.

Daga nan ya zura sanda cikin kube, ta bi ta saman gwafofin ba tare da ta shiga bakinsu ba, har kanta ya zauna daram a mazauninsa na can ƙoli. A gindin kowane fiffike kamfani ya buga lambobi. In an rubuta tsayin gaba 484 kuma sandar 460 ce, ƙafa za a buɗe ta zuwa 24. Ya zura igiyar gindi tsakanin tayoyin fiffike da na ƙafa, zagaye bayan zagaye, ba tare da wani ya hau kan wani ba. Igiya ta harɗe, rabin ƙarfin mutum a gogayya zai tafi.

Abin da ke biyo baya shi ke rikita ɗan koyo, domin kamar aikin baya da gaba ne. A ja igiyar gindi rabi. A ɗaura mariƙi tsakanin kafaɗa da haɓar wanda zai hau. A ja igiyar baya har ƙarshe, fiffike ya baje, tsumagu su ja da baya su bar wa gwafa wuri. Sannan a koma a saki igiyar gindin da aka ja ɗazu. Yanzu ne kube ya yi sako-sako. Mai ɗauri ya buɗe zif, ya danna tsumagiya ƙasa da tafin hannu ɗaya, ɗaya hannun a ciki yana tura gwafa sama, sai ka ji ƙwas, ta hau sanda. Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya rufe kowane zif. Wanda ya tsallake mataki ɗaya zai wuni yana kokawa da roba, ko ya karya tsumagiya, ko ya yage zif.

Sai babban ja. Ko da tayoyin sun ninka ƙarfin mutum sau shida, hannu tsirara ba ya iya wa fiffiken tsere. Zama ake yi a ƙasa, a tokare gindin ƙafa da tafin sawu, a naɗe igiya a guntun itace, a miƙe gwiwa a tura, baya a tsaye. Da cinya ake ja. Mai ja da ƙugu ba ya daɗewa a sana'ar. Wasu na amfani da ɗan injin hannu mai juyawa. Sanda na ta lanƙwasa kamar bakan maharbi lokacin da ake sa masa tsirkiya, leda na ƙara, ƙananan tamoji na ɓacewa daga gaba, har tayoyin sama da na ƙasa su kusa sumbatar juna.

A ja ƙasa, sama ta saki

Wanda bai sani ba, in ya ga fiffiken da gwani ya gama ɗaurewa, zai rantse an ɓata aiki. Gaba da ƙasa sun yi tauri kamar ƙarfe, amma bakin baya daga sama ya saki, ya kwanta laɓe-laɓe tsakanin tsumagu biyu ko uku na ƙoli. Nan ne asirin sana'ar yake. Jan gindi yana lanƙwasa sanda, kanta ya sunkuyo baya, bakin baya na sama ya rasa abin da ke miƙar da shi. Idan iska ta zo da ƙarfi farat ɗaya, wannan sashe sai ya murɗe ya buɗe, ya zubar da rarar, ƙarfin da ya rage ya tsaya ƙasa, daidai hannun mai wasa inda gwafofi suka kulle tumbi. Da iskar ta lafa, sanda ta miƙe, saman ya dawo ya rufe. Fiffiken da ya ce sai ya riƙe duk iskar da ta zo masa, shi ke jefar da mai shi.

Akwai dalili na biyu. Iskar da ke mita huɗu sama da ruwa ta fi ta kusa da ruwa gudu, kuma kusurwar da take bugun fiffike daban ce. Murɗewar saman ita ke sa kowane sashe ya tari iskarsa ta fuskar da ta dace.

Kamfanoni da yawa kan buga 'yar alama a ledar sama, su ce sakin ya tsaya a nan. Alamar mafari ce kawai. Tsakanin ɗaurin da ya gaza da wanda ya wuce kima bai fi santimita ɗaya zuwa biyu ba. A rage ɗaya, fiffike ya yi nauyi, ya riƙa jan mutum sama ya tsaya a kan yatsu. A ƙara ɗaya fiye da kima, ya mutu a hannu, bakin baya ya riƙa kaɗawa banza. Ga shi kuma igiya sabuwa tana miƙewa, leda sabuwa ma haka, don haka awon makon farko ba lalle ya yi a mako na uku ba.

Igiyar baya ta fi sassauci. Ita ke ƙayyade zurfin tumbi: a sake ta, tumbi ya yi zurfi har ya shafi mariƙi, ƙarfi ya ƙaru, a ja ta, fiffike ya baje, ya yi sauƙin sarrafawa da haurawa wajen da iska ke fitowa. Masu tsere kan zaro ta har gefen mariƙi domin su ja su saki suna cikin gudu. Tsumagu kuwa kowace da nata: na ƙasa a murɗa makulli har tamojin aljihunsu su ɓace, na sama a taɓa su kawai, don in aka takura su saman ba zai buɗe ba. Gwafa in ta yi lako-lako a kan sanda a ƙara mata siririyar roba ɗaya a baya. In ta matse a cire.

Gwaji na ƙarshe a tsaye ake yinsa. A ta da fiffike a bakin gaɓa, a riƙe mariƙi, a fizga. Gwafofin su juya gaba ɗaya zuwa ɗaya gefen da ƙara ɗaya, domin duk lokacin da mai wasa ya juya allo doron ma sai ya koma ɗaya gefen. Sannan a daidaita igiyoyin da ɗamarar mai wasa ke maƙalewa a jikin mariƙi. In sun zauna daidai tsakiyar ƙarfi, mutum na iya sakin hannu biyu na ɗan lokaci fiffike bai karkata ba.

Kunne ya fi ido aiki

Mai ɗauri yana kan tudu, abin da zai gyara kuma a tsakiyar ruwa yake faruwa. Don haka rabin gwanintarsa saurare ne. Mai wasa ya fito yana haki ya ce hannunsa na baya ya mutu: tumbi ya gudu baya ke nan, a ƙara jan gindi, ko jan baya, ko a matsar da igiyoyin ɗamara baya kaɗan. Ya ce abin na fizgarsa gaba yana wurgi da shi: saman bai saki ba. Ya ce ga iska amma allo ya ƙi tashi: an baje fiffike da yawa, a saki igiyar baya. Ya ce gwafar ƙasa ba ta juyawa sai ya harbe ta da ƙafa: ko yashi ya shiga, ko tsumagiya ta matse, ko robar giɓi ta yi yawa. Ya ce hancin allo na ɗagawa yana neman tashi sama: wannan ba laifin leda ba ne, a matsar da gindin sanda gaba a kan allo, ko a sauke mariƙi kaɗan.

Ƙa'idar da kowane maigida ke nanata wa yaronsa ita ce abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Ka taɓa uku, ko an dace ba ka san wanne ya yi maganin ba. Ta biyu ita ce rubutu. Awon da ya yi daɗi, a ja masa layi da maka a jikin ƙafa da mariƙi, a shigar da shi littafi tare da ƙarfin iskar ranar da nauyin wanda ya hau. Mutum mai kilo 95 da mai kilo 65 a iska ɗaya ba fiffike ɗaya za su ɗauka ba, kuma ko sun ɗauki ɗaya ba ɗauri ɗaya za a yi musu ba.

Yashi da rana

Abokan gabar sana'ar biyu ne, kuma a bakin teku suke kwana. Ƙwayar yashi kaɗan a mahaɗar sanda ta isa ta like gida biyun, sai an tara ƙarti huɗu ko shida suna murɗawa, waɗannan dama waɗancan hagu. Yashi ne ke cinye zif, ya hana tayoyin gwafa juyawa, ya karce leda har mai wasa ya daina hango abin da ke gabansa. Rana kuwa a hankali take ɓarna. Haskenta na busar da leda ta yi dusu-dusu, wata rana gwiwa ta taɓa ta ta tsage daga tsumagiya zuwa tsumagiya. Sandar kabon baƙa ce, zafi take sha. A bar ta a lanƙwashe cikin kube a tsakar rana, tana iya fashewa babu wanda ya taɓa ta. Shi ya sa in za a huta ake sassauta igiyar gindi a kai fiffike inuwa.

Kwancewa ma da ladabinta. A buɗe zif tukuna, kada a saki igiyar gindi farat ɗaya, a zare sanda ana murɗa ta ba tare da an cukurkuɗe leda ba, a naɗe daga sama zuwa ƙasa. Duk inda leda ta karye, nan za ta fara tsagewa.

In ta tsage, aiki ya koma hannun tela. Ya farke sashen da ya lalace, ya ɗora shi a kan sabuwar leda ya yanka daidai, ya manne da salatif mai gam gefe biyu don kada ya zame, sannan ya bi da keke mai ɗinkin zigzag. Kuskuren milimita kaɗan a nan yana sauya siffar fiffike duka. Masu zana fiffiken suna zaune ne a wurare irin su Maui da Tarifa da Perth ta Ostireliya, ana ɗinka mafi yawansu a masana'antun Sin da Siri Lanka, amma gyara na telan bakin gaɓa ne.

Koyo da ci

A wuraren haya irin na Dahab, inda iskar arewa ke bin mashigin Aqaba, ana ajiye fiffike da yawa a ɗaure, a rataye a inuwa jere-jere, baƙo ya zo ya zaɓa. Yaro kan fara da ɗaukar allo da wanke kaya da bin kwalekwalen ceto. Daga nan a ba shi ƙananan fiffike marasa gwafa na masu koyo. Sai ya daɗe, maigida ya ga hannunsa ya faɗa, kafin a bar shi da na tsere. Wanda ya haɗa da iya hawa da jin harsunan baƙi yakan nemi takardar koyarwa daga ƙungiyoyi irin su VDWS ta Jamus ko RYA ta Ingila, ya tashi daga mai ɗauri ya zama malami. Cin sana'ar na bin kaka: albashi da ɗan ihsanin baƙi lokacin iska, zaman jira in ta ɗauke, shi ya sa wasu ke bin ta daga wannan gaɓa zuwa waccan.

A manyan gasa aikin ya fi zafi. Akwai shekarun da dokar ƙungiyar ƙwararru ta PWA ta ƙayyade wa kowane ɗan tsere fiffike shida da allo uku, kuma da yake ba a san yadda iska za ta juya ba, tun da safe ake ɗaure mafi yawansu a jere su. A gasar Défi Wind da ake yi a Gruissan, kudancin Faransa, mutum fiye da 1,000 ke tashi lokaci ɗaya. A Lüderitz ta Namibiya kuwa, inda aka haƙa siririn magudanar ruwa a gefen hamada domin auna gudu a tsawon mita 500, iska kan wuce kilomita 80 a awa tana watsa yashi. A nan ne Bafaranshe Antoine Albeau ya yi kusan kilomita 99 a awa a 2015, ya sake ɗara hakan da kaɗan a 2024. Fiffiken da ake shiga da shi a irin wannan rana ƙarami ne, bai fi murabba'in mita 5 da 'yan kai ba. A wannan gudu, saman da ya ƙi buɗewa a kan lokaci ba faɗuwa a tsere kawai yake jawowa ba, har da karaya.

 

A 'yan shekarun nan wasan ya sake sabon salo. Ana kafa wa allo doguwar ƙafa mai ƙananan fikafikai a ƙarƙashin ruwa, da ya ɗauki gudu sai ya ɗaga sama ya bar ruwan. Gogayya ta ragu, iska kaɗan ta wadatar, an kuma sake yanka fiffike ya ƙara tsawo da sirantaka. Irin wannan allo, mai suna iQFoil, aka yi amfani da shi a Olamfik ta 2024, wadda aka yi tserenta na ruwa a Marseille. A gasar ta 2024 dokar rukunin ta tilasta kowa ya hau kaya iri ɗaya: allo ɗaya, sanda ɗaya, fiffike ɗaya na kamfanin Severne, maza murabba'in mita 9, mata 8. Ba wanda zai ce kuɗin ƙasarsa sun saya masa abin da wani bai samu ba. Da aka daidaita kayan kowa, abin da ya rage a yi gasa a kansa uku ne: ƙarfin jiki, karanta iska, da inda kowa ya tsayar da igiyar gindinsa kafin ya shiga ruwa.